Babi na Shida: Haɗa Abin Kunne da Oba-oba a Motar Agaji

Mutane da yawa, idan motar kwana-kwana ko motar ɗaukar marasa lafiya ta ratsa gari tana jiniya, suka hangi ma'aikatan cikinta sanye da wani abu mai kauri da ya rufe musu kunnuwa, da wani siririn hannu da ya lanƙwaso har gaban leɓɓansu, irin wanda matuƙan jirgin sama suke sawa, sukan tambaya su ce, shin mene ne fa'idar wannan, alhali kuwa rediyon motar yana da lasifikarsa, yana kuma da makirfonsa na hannu? Waɗanda suka ɗan taɓa aikin lantarki kuma sukan ƙara da wata tambaya, su ce, tun da abin kunnen wayar salula cusa shi kawai ake yi ya kama aiki, me zai hana a yi wa oba-oba haka, a huta da neman gwani da sayen akwatin haɗi mai tsada?

Tambayoyin nan biyu suna bisa hanya, kuma amsar ta biyu tana rataye ne a wuyan ta farko. Domin sai wanda ya san dalilin da ya wajabta abin kunne zai yarda cewa haɗa shi da rediyo aiki ne na sani da bin ƙa'ida, wanda ba a yin sa da kintace.

Ƙarar da ke cinye magana

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu da ke zaune dab da juna takan tsaya wajen desibel 60, jiniyar motar agaji kuwa, idan aka tsaya a gabanta da nisan mita 3 aka auna, takan kai wajen desibel 120. Kada mai karatu ya zaci 120 ninki biyu ne na 60, gama lissafin wannan ma'auni dabam yake: duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya riɓanya sau goma, saboda haka abin da ke tsakanin hira da jiniya riɓi miliyan ɗaya ne. Gaskiya ne na cikin mota ba su shan wannan ƙara dukanta, domin ƙarfe da gilashi suna tare musu wani kaso, kuma masu ƙera motocin sun sauko da jiniya daga rufi zuwa gaban mota don a nisanta ta da kawunan ma'aikata. Amma duk da haka ga rurin injin dizal a ƙarƙashinsu, ga ham, ga gurnanin taya a kan kwalta, ga kuma iskar da ke bugowa ta taga a inda zafi ya hana a ɗaga gilashi.

Illar wannan iri biyu ce. Ta farko a kan kunnen kansa take, kuma sannu a hankali take zuwa, ba tare da ciwon da zai faɗakar da mutum ba. Can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, kuma Allah ya hukunta cewa wanda ya mutu daga cikinsu ba ya sake tsirowa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawara a shekarar 1998 cewa kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 a rage rabin lokacin, watau awa 4 a desibel 88, awa 2 a 91, har a gangaro minti 15 kacal a desibel 100. Ƙungiyar kiyaye gobara ta ƙasar kuma, NFPA, ta sharɗanta a ƙa'idarta mai lamba 1500 cewa duk wanda ke cikin motar kashe gobara, muddin ƙara ta haura desibel 90, wajibi ne a ba shi abin kare kunne, shi kuma wajibi ne ya sa. Abin kunne nagari, wanda matashinsa ya manne da gefen kai sosai, yakan rage ƙara da desibel 20 da 'yan kai.

Illa ta biyu ita ce mai gaggawa, watau ɓatan magana. Alal misali, cibiyar da ke tura motocin agaji ta kira mota ta ce gobarar tana layi na bakwai, jagoran mota kuwa, saboda jiniya ta danne farkon kalmar da ƙarshenta, ya ji takwas. Ko ma'aikacin jinya a bayan motar asibiti yana sanar da likita halin majinyaci, likita yana ta cewa a maimaita. Wanda ya buga 112 a Nijeriya, ko 18 a Nijar, bai san da wannan ba. Abin da ya sani kurum shi ne wuta tana cin ɗaki bayan ɗaki, mota ba ta iso ba. Ga kuma direba, wanda in zai yi magana da makirfon hannu sai ya saki sitiyari da hannu ɗaya, a daidai lokacin da yake kutsawa tsakanin motoci da babura da gudu. Abin kunne yana maganin waɗannan duka gaba ɗaya: ya kai muryar cibiya cikin kunne, ya ajiye makirfo a bakin leɓe, ya bar hannuwa biyu a kan aikinsu.

Ɗabi'ar oba-oba

'Yan sandan birnin Detroit na Amurka sun soma aika saƙo zuwa motocinsu ta rediyo a kai a kai a shekarar 1928, sai dai ji kawai motocin suke yi, ba su iya mayar da jawabi. A 1933 'yan sandan Bayonne, a jihar New Jersey, suka sa rediyon da ke ji yana kuma amsawa. Sa'an nan a 1940 'yan sandan jihar Connecticut suka buɗe tsarin FM wanda injiniya Daniel Noble ya tsara musu, wanda tartsatsin wutar injin bai cika damunsa ba. Tun daga wancan zamani har yau, duk da sauye-sauyen da aka yi, akwai ɗabi'a ɗaya da galibin waɗannan rediyoyi ba su rabu da ita ba, ita ce ba su ji su faɗa a lokaci guda. Oba-oba yana zaune ne yana sauraro, sai an danna maɓallin magana kana ya daina ji ya soma aikawa, kuma muddin yatsa yana kan maɓallin, tashar tana hannun mai magana, sauran motoci sai haƙuri.

A nan ne ya rabu da wayar salula. Masu ƙera wayoyi sun yi ittifaƙi a kan rami kusan iri ɗaya, wayar kuma tana ji tana faɗa a tare, ba ta bukatar a danna mata kome. Masu ƙera oba-oba kuwa, irin su Motorola da Kenwood da Icom da Hytera, kowanne da mazhabarsa wajen jera wayoyi da ƙarfin sautin da rediyonsa yake karɓa, har ma kamfani ɗaya yakan saɓa wa kansa tsakanin tsohon samfuri da sabo.

Rukunai huɗu da ƙofofi biyu

Kome yawan wayoyin da mutum zai gani a cikin haɗin, asalinsu hanyoyi huɗu ne, wanda ya riƙe su kuwa ba zai ruɗe ba. Ta ɗaya ita ce hanyar muryar da ke fita, daga makirfo zuwa rediyo. Ta biyu ita ce hanyar muryar da ke shigowa, daga rediyo zuwa kunne. Ta uku ita ce ta maɓallin magana. Ta huɗu ita ce wayar ƙasa, watau wadda wuta ke komawa ta cikinta, wadda a mota ƙarshenta shi ne jikin ƙarfen motar da ƙafar batir ta negetib.

Rediyon mota kuma ƙofa biyu gare shi. Ta gaba ita ce ramin da makirfon hannu yake shiga, wanda a rediyoyi da yawa haƙora 8 ne da shi, kamarsa ɗaya da ramin wayar intanet na kwamfuta. Ta baya kuwa soket ne da aka tanada domin kayan ƙari, mai haƙora 16 ko 20 ko 26 a samfurorin Motorola dabam-dabam, mai 15 ko 25 a waɗansu na Kenwood. Ta bayan ita ce mafificiya, domin tana barin makirfon hannu a mazauninsa, ran da abin kunne ya lalace a tsakiyar aiki sai a miƙa hannu a ɗauko shi. Sai dai a sani cewa waɗansu haƙoran bayan ba su da wani aiki tabbatacce sai an haɗa rediyon da kwamfuta an sanya wa kowanne aikinsa, kuma sau da yawa haɗin da ake zargi da lalacewa lafiyarsa lau, saitin ne ba a yi ba.

Babban abin da ke yaudarar mutane a wannan mataki shi ne siffa, alhali kuwa kama da wane ba ta wane. Dubi filogi mai ƙafa biyu na oba-oban hannu. A na Kenwood, wanda rediyoyin Baofeng ma suka bi tsarinsa, ƙafa mai kauri ta milimita 3.5 ita ce ta makirfo, siririyar ta milimita 2.5 ta lasifika. A na Motorola kuwa akasin haka ne, mai kaurin ta lasifika, siririyar ta makirfo, tazarar da ke tsakanin ƙafafun ma ba ɗaya ba ce. Haka ramin gaba mai haƙora 8: haƙorin da yake na maɓalli a wannan rediyo yana iya zama mai ɗauke da wuta a wancan. Saboda haka sharaɗin farko, kafin a yanke waya ko ɗaya, shi ne a karanta lambar samfurin a jikin rediyon, a nemo littafin da kamfanin ya rubuta masa, a buɗe shafin da aka zana haƙora da aikin kowanne.

Makirfo da muryar da ke fita

Makirfon abin kunne iri biyu ne. Akwai mai maganaɗisu, wanda iskar murya ke kaɗa wata 'yar naɗaɗɗiyar waya a cikinsa ta haifar da wuta da kanta, sai dai wuta ce mai rauni ƙwarai. Akwai kuma wanda ake kira elektaret, wanda ba ya aiki sai an ciyar da shi da 'yar wuta ta bolt kaɗan, wadda ke zuwa masa ta kan wayar da muryar ke bi. Idan aka haɗa elektaret da rediyon da ba ya ba da wannan wuta, rediyo zai tashi, jar fitilarsa ta kama, amma cibiya shiru za ta ji. Idan kuma aka haɗa mai maganaɗisu da rediyon da ya saba da makirfon hannu mai ɗan amfilifaya a cikinsa, kamar yadda yake a rediyoyin Motorola da yawa, murya za ta isa can ƙasa-ƙasa, da ƙyar a gane ta. Wuce kima ma illa ne, domin rediyo yana da haddin da ba ya bari sauti ya ƙetare, abin da ya haura sai ya datse shi, murya ta fita a tsattsage, hayaniyar mota kuma ta ƙaru tare da ita. Wannan ne ya sa akwatin haɗi, wanda ke shiga tsakanin abin kunne da rediyo, yake da ɗan maɓallin da ake murɗawa da sukundireba, har a tsayar da ƙarfin murya daidai da na makirfon hannu.

Akwai wata hikima a ginin wannan makirfo da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. An buɗe masa kafa gaba da baya, ta yadda ƙarar da ta zo daga nesa, irin ta jiniya ko injin, za ta bugi fatar cikinsa ta fuska biyu da ƙarfi kusan ɗaya, ta kashe kanta, muryar da ta fito daga leɓen da ke dab da shi kuwa ta fuska ɗaya take rinjaye, sai ta wuce. Natijar wannan ita ce, wanda ya ture makirfon ya koma wajen haɓarsa, ya mayar da muryarsa cikin jerin ƙarar nesa da ake kashewa. Mazauninsa shi ne gaban leɓe, da tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ɗaya ba, da ɗan soson da ke tare hucin numfashi a kansa.

Muryar da ke shigowa

A wannan rukuni ne aka fi ƙona rediyo, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. An gina rediyon mota ne don ya tura lasifika mai om 4 ko 8 da ƙarfin wat masu dama, waɗansu har sun haura wat 10, domin a ji shi a cikin hayaniya; ƙananan lasifikokin abin kunne kuwa, da yake kusa da dodon kunne suke, ɗan kaso kaɗan na wat ɗaya ya wadace su. In aka zuba musu ƙarfin nan kai tsaye, abin da aka saya don kare kunne shi zai zama mai cutar da shi, don haka dole a rage ƙarfin kafin ya isa. Waɗansu rediyoyin suna da haƙori a baya mai ba da sauti marar ƙarfi wanda ba ya bin maɓallin ƙara murya na gaba, wannan kuwa alheri ne, domin ko wani ya murɗe maɓallin har ƙasa, kiran cibiya ba zai yanke daga kunnuwan ma'aikata ba.

Mas'ala mafi hatsari ita ce ta wayoyin lasifika biyu. Wanda ya saba da wayarin mota ya san cewa a fitila ko ham waya ɗaya ce mai wuta, ɗayar kuma jikin mota take komawa, sai ya ɗauka lasifika ma haka take. A rediyoyin zamani da yawa ba haka ba ne, wayoyin nan biyu duk rayayyu ne, kowace tana da nata rabin amfilifaya. Misalinsu misalin mutum biyu ne da ke yanka gungume da dogon zarto mai mariƙi biyu, wannan yana ja wancan yana turawa, sa'an nan su juya, da haka aikin yake ninkuwa. To, da wani zai zo ya ɗaure mariƙin ɗayansu a jikin bishiya, mutumin bai sani ba ya ci gaba da ja da iyakar ƙarfinsa, zarto ba zai motsa ta wajensa ba, ƙarfin duk a kafaɗarsa zai ƙare har ta goce. Haɗa ɗaya daga cikin wayoyin nan da jikin mota shi ne ɗaure mariƙin: rabin amfilifayar zai yi ta tura wuta cikin ƙarfe, ya yi zafi, in ba shi da abin kariya ya ƙone. Abin baƙin ciki kuma, ba da gangan ake yin wannan ba. Soket ɗin abin kunne ne aka ɗaure a jikin ƙarfen gaban mota, ko aka haɗa wayar ƙasa ta makirfo da ta lasifika wuri ɗaya don a rage yawan wayoyi.

Gane wannan ba shi da wuya ga mai mitar awon wuta. A kunna rediyo a bar sauti yana fita, a ɗora baƙar sandar mita a jikin mota, a taɓa kowace wayar lasifika da jar sandar. Idan kowace ta nuna wajen rabin wutar batir, kamar bolt 6, to duka biyun rayayyu ne, kada ɗaya ta taɓa ƙarfe. Maganin kuwa wata 'yar taransifoma ce da ba ta wuce kan yatsa ba, mai naɗin waya biyu da ba su taɓa juna. Sauti yana ƙetarawa daga wannan naɗi zuwa wancan ta hanyar maganaɗisu, wutar rediyo kuwa ta tsaya a ɓangarenta. Akwatunan haɗi nagari da ita suke zuwa, kuma tana daga cikin dalilan tsadarsu.

Maɓallin magana

Wannan shi ne mafi sauƙin rukunan. A galibin rediyoyi, danna maɓalli ba ya yin kome illa haɗa haƙori ɗaya da wayar ƙasa, rediyo ya ga haka ya tashi. Mai gyara yakan tabbatar da abin da littafi ya faɗa ta hanyar zare makirfon hannu, ya sa mita a inda take kuka in wayoyi biyu suka haɗu, ya riƙa taɓa haƙora bibbiyu yana danna maɓallin har ya ji kukan. Maɓallin abin kunne ana ɗora shi a jikin kofin kunnen, ko a gaban mota inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar hanya ba, ko a ƙasa inda ƙafa za ta taka. Akwai rediyoyin da ke tashi da jin murya kawai, amma wannan bai dace da motar agaji ba, domin jiniya ma za ta tashe su.

Abin tsoro a nan shi ne maɓalli ya maƙale, ko waya ta goge ta taɓa ƙarfe, rediyo ya yi ta aikawa ba da sanin kowa ba, ya toshe tashar ga dukan motocin gari. Don haka lalle ne a saita agogon cikin rediyon da ke yanke aikawa in ta yi tsawo, wanda yawanci minti ɗaya ake ba shi. A kuma bar makirfon hannu a ratayarsa, gama rediyoyi da yawa suna sake hali in suka ga an sauke shi, su daina zagaya tashoshi, ko su buɗe wa maganar da ba ta ma'aikatar ba. Ladabin mai magana kuma shi ne ya danna, ya ɗan dakata kamar daƙiƙa ɗaya, kana ya furta, don kada kalmar farko ta guntule.

Wuta da kukan altaneta

Rediyon mota na bolt 12 ne, manyan motocin kwana-kwana ƙirar Turai kuwa galibi bolt 24 suke aiki da shi, daga batir biyu da aka jera. Sauƙin da ke jan ɗan rewaya shi ne ya ɗebi wuta daga batir ɗaya, amma wannan yana sa ɗayan ya riƙa ƙarewa ɗayan yana cika fiye da kima, duka biyun su mutu da wuri. Abin da ya dace shi ne na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. Rediyo mai wat 50 yana jan fiye da amfiya 10 sa'ad da yake aikawa, don haka yana bukatar waya mai kauri, da fis a kusa da tushen wutar.

Idan aka ji wani siririn kuka a kunne, wanda ke hawa in an taka totur ya sauka in an saki, wannan kukan altaneta ne. Sababinsa mafi yawa shi ne an ɗaure wayar ƙasa ta rediyo a wani wuri, ta akwatin haɗi a wani wuri dabam, sai wutar da ke yawo a jikin mota ta sami hanya ta cikin wayoyin sauti. Maganinsa a tara su a wuri ɗaya, a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti. Idan kuma ƙugi ne da ba ya zuwa sai an danna maɓalli, to ƙarfin da rediyo ke turawa eriya ne yake komowa. Sai a yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, a ɗaure rigar da ƙasa ta baki ɗaya kawai, a nisanta ta da wayar eriya da ta jiniya da ta fitilun rufi, in kuwa dole su haɗu, su gitta juna, kada su jeru.

Idan ma'aikata sun yi yawa

Motar kashe gobara takan ɗauki mutum huɗu ko shida, kuma bukatarsu ta jin juna ba ta gaza bukatarsu ta jin cibiya ba, domin a hanya ne jagora yake raba aiki. A nan akwatin haɗi yakan zama intakom, irin waɗanda kamfanonin David Clark da Firecom da Sigtronics da Setcom na Amurka suke yi: kowa yana jin kowa ba tare da danna kome ba, kowa yana jin rediyo, amma izinin aikawa na direba ne da jagora kaɗai, don kada hirar cikin mota ta fita sarari. Akan kuma sa soket a wajen famfon mota, ko a ba mai kula da famfon abin kunne marar waya, gama shi ne ke tsaye kusa da injin da ke ruri tsawon aikin.

Direba yana da hukunci na musamman, domin yana bukatar jin ham na sauran motoci da jiniyar wata motar agaji da ke tahowa ta mararraba. Dokar hanya ta jihar Kalifoniya, a sashe na 27400, ta hana tuƙi da kunnuwa biyu a rufe, ta kuma keɓe direbobin motocin agaji daga hanin. Duk da haka ma'aikatu da yawa suna ba direba abin kunne mai kofi ɗaya, ko mai kafa a jikin kofin. Kowace ma'aikata ta duba dokar ƙasarta, ta auna maslahar kare kunne da maslahar jin hanya.

Jarrabawa

Haɗin da aka gwada a gareji, injin a kashe, gari shiru, ba a gwada shi ba tukuna. Ga kaifiyyar da ta dace. Mutum ɗaya ya ɗauki oba-oban hannu ya yi nisa, ɗaya ya zauna a mota. Na motar ya karanta jerin lambobi da sunayen unguwanni da makirfon hannu, sa'an nan ya maimaita su da abin kunne, na nesa ya faɗa ko ƙarfinsu ya zo ɗaya. Sai a ta da injin a taka totur, a saurari kuka. Sai a kunna fitilun rufi da na'urar sanyaya mota ɗaya bayan ɗaya, domin a gane wanda ke kawo ƙugi in akwai. Daga ƙarshe, bayan an sanar da cibiya da maƙwabta, a fita hanya da jiniya, a sake karanta waɗansu lambobin da na nesa bai san su ba, shi kuma ya rubuta abin da ya ji, a dawo a gwama takardun biyu. Takarda ita ce hujja, domin kunnen da ya riga ya san abin da za a faɗa yakan cike giɓi da kansa. Kafin a tashi kuma a zare abin kunnen baki ɗaya, a tabbata makirfon hannu da lasifika suna aiki su kaɗai.

Bayan haka sai kiyayewa. Zafin rana da gumi suna busar da matashin kunne har ya tsage, matashin da ya tsage kuwa ƙara tana shiga ta cikinsa. Ƙurar hunturu tana toshe soson makirfo, tana shiga soket. Waya kuma a gindin filogi take karyewa, saboda ana fizgarta maimakon a kama kan a zare. A rataye abin kunne a ƙugiyarsa, a goge shi bayan kowane aiki tun da kai da yawa ke sa shi, a gwada kira ɗaya a farkon kowane zubin aiki, a kuma rubuta zanen haɗin a takarda a ajiye a motar, don wanda zai gyara bayan shekaru kada ya koma lalube. Mai haɗa waɗannan wayoyi ba ya zuwa wurin gobara, ba ya ɗaukar majinyaci, amma kowace kalma da za ta wuce tsakanin mota da cibiya ta kan aikin hannunsa za ta bi. Amana ce a wuyansa, kuma haƙƙi ne a kan shugabannin ma'aikata su ba shi littafi da mita da lokaci, su kuma ƙi karɓar aikin da ba a jarraba ba.

Iyakar abin da muka yi a wannan babi shi ne kai murya daga leɓe zuwa cikin rediyo, da kuma daga rediyo zuwa kunne, tsarkakakkiya. Amma muryar da ta shiga rediyo lafiya tana iya mutuwa a bayan tudu ko tsakanin dogayen gine-gine, idan abin da zai jefa ta sarari bai daidaita ba. Saboda haka a babi na gaba, in Allah ya yarda, za mu hau rufin mota mu duba eriya: me ya sa tsawonta yake bin zangon da rediyo ke aiki a kansa, me ya sa tsakiyar rufi ta fi gefe, da kuma yadda na'urar da ake ɗorawa a kan hasumiya take karɓar kiran mota ta sake yaɗa shi har ya game gari.